Zauren Tambaya: Ta Ina Mai Fasaha Yake Fara Aiki?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka iso zauren nan a wannan wata kusan hanya ɗaya suka biyo, ko da yake masu su ba su san juna ba. Akwai mai waƙa, akwai maɗinki, akwai marubuciya, akwai uba da ɗansa ya dame shi da zane. Na taƙaita su saboda fili, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina rubuta waƙoƙi tun ina sakandare. Damuwata ita ce sai in yi wata biyu ko uku ban rubuta ko baiti ɗaya ba, ina jiran abin ya zo. Abokaina suna cewa mai baiwar gaskiya ba ya shan wahala, baki kawai yake buɗewa kamar Shata. Shin in haƙura ne, ba ni da rabo a waƙa?
Ɗalibi, daga Dundaye

AMSA: Ɗana, kada ka haƙura. Abokanka sun ga mawaƙi a fili ranar biki, ba su gan shi a gida ba, shi ya sa suka faɗi abin da suka faɗa.

Ina yaro akan kai ni hutu wurin gwaggona a wani gari gabas da Sakkwato, gidanta kuwa katanga ɗaya da gidan makaɗin hakimin garin. Idan Salla ta matso, da an yi la'asar sai ka ga shi da yaransa sun saɓa kotsanninsu sun nufi bayan gari, mu kuma yara mu bi su a baya mu raɓe. Can gindin wata tsamiya suke zama. Maigidan zai jefo layi biyu, wato gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa, a sa kiɗa. Sai wani dattijo a cikinsu, wanda muryarsa ta riga ta dushe amma kunnensa bai tsufa ba, ya girgiza kai ya ce, "Bai zamna ba." A tsaya. A cire kalma ɗaya a sa wata, a sake ɗauka. A mayar da ta farko gaba, a dawo da ta gaba baya. Wani lokaci maigidan ya tsai da kiɗa ya tambaya, "Wa yah haihi wane?" don kada a ɗora wa hakimi kakan da ba nasa ba, a yi abin kunya a gaban fada. Na ga ranar da magariba ta riske su a kan layin nan biyu, ba su taɓa ko ɗa ɗaya, wato baiti ɗaya, na waƙar ba. Ranar hawan Salla kuwa, da suka tashi waƙar a ƙofar fada, sai ka ji mutane suna cewa ai wannan daga sama take zubo masa.

Haka makaɗan fada na ƙasar nan suka yi aiki. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo, dukkansu da ƙungiya suke ƙulla waƙa. Ka saurari faifansu da kunnen basira. Jagora zai fara magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su ƙarasa masa ita baki ɗaya, ba mai riga wani, ba mai saɓa wa wani ko da gaɓa ɗaya. Mutum biyar ko shida ba sa haɗa baki haka a kan maganar da yanzu aka ƙago ta. Sun zauna sun tsara, sun maimaita har ta zauna. Shi Ɗanƙwairo ma ya daɗe yana amshi, a bayan mahaifinsa, sannan a bayan wansa Kurna, kafin ya ja nasa ayarin.

To, Shata fa? Gaskiya ne an san Alhaji Mamman Shata da shirya waƙa nan take, kuma ba na musun baiwar da Allah Ya yi masa. Amma duba yadda waƙarsa take tsaye. Amshinta gajere ne, ba ya sauyawa. Kalangu yana riƙe da ma'auni. Duk sanda 'yan amshi suke maimaita layinsu, shi yana samun numfashi yana jero abin da zai faɗa. Abin da yake jerowa kuma daga ina? Daga shekaru masu yawa na yawon garuruwa, da zama cikin 'yan kasuwa da direbobi da sarakuna, da sanin kirarin kowa da asalin kowa, da karin maganar da ta cika masa kai. Rumbu ne da aka daɗe ana zuba masa hatsi. Ranar da aka buɗe, mai kallo ɗiba kawai yake gani, bai ga noma ba. Tsakanin Shata da makaɗan fada, wahalar ɗaya ce, wurin da kowa ya ajiye ta ne ya bambanta.

Saboda haka tambayar da zan mayar maka ita ce: a wata ukun nan da kake jira, me kake yi? Baiti nawa ka haddace na magabata? Aliyu Namangi makaho ne, a ka ya tsara Imfiraji, wasu suka rubuta masa, kuma ba zai iya haka ba sai da kunnen da ya ƙoshi da karatu da waƙa. Ka je Makera Assada ka zauna ka ji yadda maƙera suke magana a bakin aiki? Ka shiga Kara ranar da kasuwa ta cika ka ji yadda dillali yake yabon sa? Kalmomin da waƙarka take nema suna can.

Ga abin da nake so ka gwada. Ka ware lokaci ɗaya kullum, bayan sallar asuba ya fi, kafin hayaniyar ɗakin kwana ta tashi. Kada ka zauna da niyyar yin waƙa sukutum. Ka nemi gindi kawai: layi biyu masu kari ɗaya da amsa-amon da ka zaɓa. Idan sun zauna, su za su riƙa kiran sauran. Ranar da kanka ya bushe ƙaf, ka ɗauki baitin wani magabaci ka yi masa tahamisi, wato ka ƙara layi uku naka a kan layinsa biyu, don motsa hannu. Shehu Shagari yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe tarihi da labarin ƙasa. Buƙata ce a gabansa, ya zauna ya biya ta. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ma'aikacin gwamnati ne shekara da shekaru, yana da sa'o'in da ya yanka wa rubutu ba ya saɓa musu. Duk da haka, bayan juyin mulkin 1952 ya yi kusan shekara biyar bai rubuta littafin labari ba, daga baya ya dawo da ƙarfinsa. Wata ukunka ba abin tayar da hankali ba ne.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ka riƙe: ka nemi naka dattijon mai cewa bai zauna ba. Abokin da duk abin da ka karanta masa sai ya ce ya yi, ka riƙe shi don zumunci, amma ba shi zai gyara maka waƙa ba.

TAMBAYA: Malam, sana'ata ɗinkin hannu, aikin babbar riga, na gaje ta wurin mahaifina. Wani yaro da ya yi karatun zane a makaranta ya ce mini abin da nake yi ba fasaha ba ce, kwaikwayo ne, tunda aska takwas ɗin da kakana ya yi ita nake maimaitawa. Maganar ta tsaya mini a rai.
Maɗinki, daga Tsohuwar Kasuwa

AMSA: Ƙanena, na ji zafin maganar nan tare da kai, don ni ma a gidan masu aikin hannu na tashi.

Kawuna baduku ne a shiyar Madunka. Ba ya aiken yaro sayen fata, da ƙafarsa yake zuwa wurin majema. Zai ɗaga fatar jar akuya ya kara ta da rana, yana neman tabon ƙaya, da cizon kaska, da inda wuƙar mahauci ta zarce wajen fiɗa. Zai ja ta ta gefen ciki ya ga yadda take miƙewa, ya shinshina ya ji ko bagaruwa ta kama ta sosai. In ya kawo ta gida ba ya sa mata aska ranar. Sai ya rataye ta inda idonsa zai riƙa faɗawa a kanta yana wani aikin. Gadon baya mai kauri ya san fuskar gafaka ce. Gefen ciki mai laushi na baki ne da igiya. Akwai wata fata da ya saya, karan dafi ya kama ta ta yi ja wur, amma da tabo a tsakiyarta daidai inda ba a so. Yaransa suka ce a yanka ta ƙanana a yi layu. Ya ƙi. Ya zauna ya sake zanen gafakar gaba ɗaya, ya kawo ado mai huda ya ɗora a kan tabon, askarsa ta cire shi, ya sa koriyar fata ta leƙo ta ƙasa. Daga baya masu saye suka riƙa zuwa suna cewa irin waccan suke so. Abin da yakan ce wa yaransa shi ne, "Hwata ita ka hwaɗin abin da za ta zama, kai dai ka saurara."

Gafaka dai gafaka ce tun kafin a haifi kawuna. Bai ƙago ta ba. Amma duk wadda ta fito daga hannunsa sai da ya yanke shawara a kanta, shawarar da wani ba zai yanke irinta ba. A nan fasaha take.

Kai ma ka duba aikinka. Aska biyu da aska takwas da tambari sunaye ne da kowa ya gada, amma ka taɓa ganin riga biyu na hannu da suka zo daidai da juna? Faɗin aljihu ya bambanta. Tsawon mai riga ya bambanta, kuma askar da ta yi wa dogo kyau tana iya danne gajere. Zaren tsamiya a kan saƙi ba ya kwanciya yadda siliki yake kwanciya a kan shadda. Wurin da za ka cika ɗinki ya yi tauri da wurin da za ka bari yadi ya sha iska, wa yake gaya maka? Tun asali ma aikin riga hannu biyu ne: mai zane ya zauna da alƙalami da tawada ya fitar da siffa a kan yadi, mai allura ya bi ya raya ta. Dillalan riga na da suna ɗaga cin wuya su gane hannun da ya yi shi.

Magina ma haka. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara ya yi aiki, kayan da kowane magini yake da su, da bakan gizon da ya tarar ana yi. Abin da ya yi da su ne har yau masana gine-gine suke zuwa kallo. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ginin tukunya irin na matan Gwari ta koya tun tana yarinya, da hannu, ba na'ura. Da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, ta koyi sabuwar hanyar gashi da sheƙi, amma siffar tulunta da zanen ƙadangare da kunama da kifi da take tsagawa a jikinsa na gida ne. Da su duniya ta san ta.

Sai dai kada in rufe ka, akwai ɗan abin dubawa a maganar yaron. Idan shekara da shekaru wani ne yake zana maka, kai kuma ba ka taɓa matsar da layi ɗaya don idonka ya ce a matsar ba, to keken kwamfuta da ya cika kasuwa yanzu yana yin wannan, kuma ya fi ka sauri da araha. Abin da zai sa mutum ya biya kuɗin aikin wata uku ya jira shi ne idonka. Ka sayi yadi kaɗan na kanka, ka zana da hannunka, ka yi riga ɗaya wadda ba wanda ya sa ka. Ka kira yaron nan ya zauna kusa da kai ya ga yadda ake yi, kai ma ka duba littafin zanensa. Ina kyautata zaton kowannenku zai tashi da abin da bai zo da shi ba.

TAMBAYA: Baba, ina rubuta labari ina sakawa a WhatsApp da Facebook, kullum shafi ɗaya. Matsalata biyu. Masu karatu sun matsa mini, wannan ta ce a kashe kishiya, waccan ta ce a raba auren, har labarin ya yi nisa ni kaina ban san inda zai ƙare ba. Sannan wata ta zarge ni da satar labarin wani fim na Turkiyya. Gaskiya daga can na ɗauko tushen, amma na canza abubuwa da yawa. Na yi laifi?
Marubuciya, daga Arkilla

AMSA: 'Yata, bari in fara da ta biyun, don ita ce ta shafi mutunci.

Aro ba sata ba ne, kuma adabinmu bai taɓa ɗaukar sa abin kunya ba. Abubakar Imam, da zai rubuta Magana Jari Ce a Zariya a 1936, littattafan tatsuniyoyi na Larabawa da na Indiya da na Turawa aka tara masa ya karanta. Da yawa daga labaran da ke ciki suna da asali a Dare Dubu da Ɗaya da makamantansa. Amma wane Bahaushe ne ya karanta littafin nan ya ji baƙunta? Sarakunan namu ne, fadawan namu ne, wayon da wautar duk irin na kasuwarmu ne, Hausar kuwa har gobe da ita ake koyar da yara. Ya narkar da abin da ya aro har ya zama nasa.

A nan Sakkwato muna da misalin da ya fi wannan kusa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara layi uku a kan kowane baiti mai layi biyu ya zama biyar. Hannu uku a waƙa ɗaya, kuma an san aikin kowa. Ishiriniyar da ake karantawa a zaurukanmu ma haka take: asalinta na Alfazazi ne, tahamisinta na Ibnu Mahib. Malamanmu ba su ɓoye wanda suka ɗora a kan aikinsa ba, suna ambatonsa su yi masa addu'a.

To ke ma ki yi haka. Ki fito fili ki rubuta a farkon labarin cewa tushensa daga fim kaza ne. Wannan kaɗai ya kashe bakin mai zargi. In kuma za ki buga shi littafi ki sayar, ki sani akwai dokar haƙƙin mallaka, kuma bin labarin wani fage bayan fage ba ya halatta don an sauya sunaye. Sannan ki yi wa kanki hisabi tsakaninki da Allah. Kin ce kin canza abubuwa da yawa. Sunaye da tufafi kika canza, ko dalilan da suke motsa mutanen? Yarinyar da ta tashi a Arkilla, abin da zai hana ta faɗa wa mahaifinta magana ba shi ne zai hana 'yar Istambul ba. A gidanmu akwai gwaggo da inna da kaka, kuma sau da yawa su ne suke ɗaure magana su kwance ta. Suna cikin labarinki? Akwai zafin watan Afrilu da yake hana barci a ɗaki, a fito tsakar gida a shimfiɗa tabarma, inda rabin asirin gida yake fita. Mutanenki da bakin Sakkwato suke magana, ko da Hausar fassarar fim? Idan kika cire sunayen Hausa kika ga labarin zai koma inda ya fito ba abin da ya ragu, to da sauran aiki.

Maganar masu karatu kuwa, sanin wanda kake yi wa rubutu alheri ne. Nana Asma'u ta san nata sarai. Matan karkara ne, 'yan taru, waɗanda shugabanninsu mata da ake kira jaji suke jagoranta su zo su karɓi karatu su koma da shi ƙauyukansu. Don su ta zaɓi harshen da suke ji da karin da yake saurin zama a ka, yadda mace za ta haddace tana daka tana rerawa. Ta san kunnensu, ta auna aikinta da shi. Amma ba su suke gaya mata abin da za ta faɗa ba. Ke kin bari masu saurare sun karɓe linzami, kuma mutum ɗari ba sa jan doki ɗaya ya isa ko'ina.

Sakin labari kashi-kashi ba aibu ba ne. Charles Dickens na Ingila haka ya riƙa fitar da littattafansa, wata-wata, mutane suna jira. Amma da ya ƙware sai ya koma yana tsara abin da zai faru a kowane kashi a takarda tun kafin ya rubuta shi. A ɗaya gefen kuma ga Zuhairu bin Abi Sulma, wanda ɗaliban Larabci suke karanta mu'allaƙarsa, wato shahararriyar ƙasidarsa, a zaure. An ruwaito cewa yakan shekara a kan ƙasida ɗaya, yana tsarawa, yana tacewa, yana karanta wa masana, kafin ya sake ta. Ban ce ki shekara ba. Na ce ki ba masu karatunki haƙuri ki ɗauki hutun mako biyu. A ciki ki zauna ki rubuta babin ƙarshe tukuna, ki san wa zai rayu, wa zai rabu da wa, kuma don me. Daga nan ki dawo inda kika tsaya ki share hanya zuwa can. Kada ki sake sakin shafin da kika rubuta a ranar. Ki kasance kullum kina da goma a ajiye, waɗanda suka kwana kika sake karanta su da safe da babbar murya. Wasu za su yi fushi su fita daga zauren. Ki bar su su tafi.

TAMBAYA: Malam, ni mawaƙi ne na situdiyo. Muna gardama da abokin aikina: kiɗa ake fara yi a ɗora waƙa, ko waƙa ake rubutawa a nema mata kiɗa?
Mawaƙi, daga Gawon Nama

AMSA: Ɗana, duka biyun hanya ce, kuma kowace tana da manya a kanta. An ruwaito cewa Halilu bin Ahmad, wanda ya fitar da ma'aunan waƙar Larabci guda 15, sarar gudumar maƙeran Basra ce ta fara jan hankalinsa zuwa ga awo. Marubuta waƙoƙinmu da yawa sun ɗauki karin da suka ji a bakin makaɗa ko a wurin 'yan mata a dandali suka zuba masa wa'azi. Ɗan Anace kuwa ba za ka raba maganarsa da kalangun dambe ba, tare suke tashi.

Abin da ya dame ni da aikinku na yanzu ɗaya ne. Mai fiyano yakan gama kiɗa tsaf, sannan a miƙo wa mawaƙi a ce ya cika. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, mai dogon wasali da gajere. Idan kiɗan ya hau inda kalma take sauka, ko ya ja gaɓar da take gajeriya, sai ka ji an murɗe wa kalma wuya don ta shiga gurbi, mai saurare ya kasa gane me aka ce. Ko ta ina kuka fara, ku yi wannan gwajin kafin ku naɗa: a kashe kiɗa, ka faɗi baitin da baki kamar kana yi wa mahaifiyarka magana. Sannan ka rera shi. In hawa da saukar muryar sun yi hannun riga, a gyara kiɗan, ko a sauya kalmar. Mai fiyano ya zauna a wurin har a gama, kada ya ba ka kiɗa a waya ya tafi.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 12 ba ya barin bango ko littafin makaranta, ko'ina zane. Na yi faɗa har na gaji. Mahaifiyarsa ta ce a bar shi. Ina tsoron ya shagala ya bar karatu, ina kuma tsoron abin da addini ya ce game da zane.
Uba, daga Runjin Sambo

AMSA: Alhaji, Allah Ya raya mana shi. Hukuncin zana abu mai rai magana ce ta malaman fiƙihu, ka kai ta gare su, sun fi ni sanin ta. Abin da zan ce shi ne filin zane yana da faɗi ƙwarai, kuma mafi yawansa ba wanda ya yi saɓani a kansa. Zayyanar allon sauka zane ce. Adon da ke gefen shafukan Alƙur'ani rubutun hannu zane ne. Haka adon bangon soro, da zanen hula da riga, da taswirar gidan da injiniya yake fitarwa kafin a haƙa tushe. Duk hannu ɗaya suke nema, irin wanda ɗanka yake da shi.

Yaron da yake zane a ko'ina aikin da ya kamace shi yake yi, wurin yi ne bai samu ba. Manyan masu zane ma da gwaji suke farawa. Picasso, kafin ya gama babban zanensa na Guernica a 1937, sai da ya yi gwaje-gwaje da dama a ƙananan takardu, yana sauya wurin doki da na sa, kuma an adana su har yau ana nazarinsu. Ka saya masa littafin zane marar layi da fensir, ku yi sharaɗi: bango da littafin makaranta sun haramta, wannan kuwa nasa ne, bayan ya gama aikin gida da karatun allo. Ka ce ya riƙa sa kwanan wata a kowane shafi, kuma kada ya yage wanda bai yi masa kyau ba.

Ranar da ka samu sarari ka kai shi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ya ga kayan da magabata suka bari da rubutun hannunsu. In akwai mai zayyana ko mai rubuta allunan shaguna a shiyarku wanda ka yarda da tarbiyyarsa, ka roƙe shi yaron ya riƙa zama wurinsa ranar Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makarantar allo, ko da wanke buroshi ne da miƙa fenti. Sakamakon jarrabawarsa kuma ka riƙa dubawa kowane zango. In ya ja baya, a rage lokacin zane har ya farfaɗo, amma kada a karɓe littafin.